Ku Tambayi Anti: Kukar Lantarki da Rigimarta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan rabinsu akan kukar lantarki ne, shi yasa nace bari in haɗa su waje ɗaya in amsa, wasu na taƙaita su saboda tsawo amma ban canza maganar kowa ba. Na fara da wadda tafi tayar min da hankali.

TAMBAYA: Anti ina wuni, dan Allah ki taimaka min, kukata mai kai huɗu ce da obin, shekararta biyu, to yanzu in na taɓa tukunya ko ludayin ƙarfe ina juya girki sai inji ta ɗan ja ni kamar tsinin allura, musamman in ƙafata ba takalmi ko ƙasan da danshi. Maƙwabciyata tace ba komai bane haka suke yi, in dinga sa silifas kawai ko in taka katako.

AMSA: 'Yar uwa dan girman Allah kar ki sake kunna kukar nan sai an duba ta. Ba haka suke yi ba, kuka mai lafiya bata jan mutum ko kaɗan, ko da ƙafarki a jiƙe take. Silifas ɗin nan da aka ce ki sa ai ba gyara bane, ɓoye miki ciwon kawai yake yi, ke kin sa silifas to yaron da zai shigo kicin da gudu ba takalmi ya dafa jikinta fa?

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a ciki. Abin da ke yin zafi a kukar wata siririyar waya ce ta nikel da kuromiyam, wani Ba'amurke Albert Marsh ne ya yi rajistar haɗin ƙarfen a 1906 kuma har yau shi ake amfani da shi, saboda tana yin ja zur bata narke ba. Ita wannan wayar ba a barinta tsirara, ana kewaye ta da wani farin gari da baya barin wuta ta wuce amma yana barin zafi ya wuce, sannan a rufe da ƙarfe. To in garin nan ya sha danshi, ko ƙarfen ya tsage saboda tsufa, ko ruwan girki ya dinga zuba yana gangarawa inda wayoyi suke, ko kuma ɓera ya ci rigar wata waya a bayan kukar, sai wuta ta fara yoyo tana shiga jikin kukar gaba ɗaya. A ƙa'ida akwai waya ta uku, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda masu wayarin suke cewa at, aikinta kenan ta kwashe wannan wutar ta kai ta ƙasa har bireka, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ta faɗi. Tunda kika ji ta ja ki, to abu biyu ne suka haɗu: akwai yoyo, kuma wayar at ɗinki ko dai ba a haɗa ta ba ko ta tsinke ko gidan ma gaba ɗaya bashi da ita. Jikinki ne ya zama hanyar da wutar ke bi ta sauka ƙasa. Yau allura kike ji saboda yoyon kaɗan ne, babu wanda zai iya ce miki gobe ma kaɗan zai zama.

Ki kashe ta daga babban makunni, a kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa kuma yana da mitar gwaji ba mai taɓawa da testa kawai ya ce lafiya lau ba. Ki ce ya gwada kowane kai daban ya gano wanda ke yoyo, ya duba at tun daga kukar har inda aka binne ƙarfenta, sannan ki tambaye shi ko akwai irin birekar nan mai yanke wuta da kanta in ta ji yoyo, RCD ake rubutawa a jikinta, ta gidaje tana faɗuwa ne a miliamfiya 30. In babu a sa. Sau da yawa kai ɗaya ne kawai za a canza shikenan.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne amma ina karanta shafinki. Na saya wa maiɗakina kuka, na jona ta a soket ɗin bango ta ekstenshan, sau biyu kenan soket yana narkewa, kuma masu kyau nake saya. Kukar ce jabu ko me?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, kukar ba lallai jabu bace, lodi ne ya fi ƙarfin hanyar. Ka duba bayanta ko cikin bakin ƙofar obin akwai 'yar takarda ko ƙarfe da aka rubuta yawan wat ɗin da take ci. Ƙaramin kai yakan ci wat 1000 zuwa 1500, babba 2000 ko ma fiye, obin shi kaɗai wajen 2000 zuwa 3000, in ka tara mai kai huɗu da obinta zaka ga ta haura 7000 cikin sauƙi. Shi kuwa soket na bango mai amfiya 13, a inda wutar gida take bolt 230, iyakar abin da zai ɗauka bai kai wat 3000 cif ba. Kaga kenan manyan kai biyu kawai in Hajiya ta kunna tare an riga an wuce gona da iri, balle a ce ta kunna obin. Ekstenshan kuma shi ne mafi muni dan wayarsa siririya ce.

Na taɓa ganin irin wannan filogin da idona, ƙafarsa ɗaya ta koma ruwan ƙasa kamar an babbaka ta, robar da ke kewaye ta kumbura ta yi ƙuraje, kana shiga ɗakin wani wari kamar na ƙonannen kifi ke tashi, mutanen gidan kwana uku suna neman abin da ya mutu a bayan kabad ashe soket ne ke ci a hankali. Duk wanda ya ji irin wannan warin kusa da soket kar ya tsaya neman ɓera.

Babbar kuka layinta daban ake ja mata tun daga akwatin bireka, ita kaɗai ba ta raba da firji ko hita, galibi da waya mai girman 6mm² da bireka mai amfiya 32, sannan a sa mata nata makunnin a bango inda hannu zai kai ba sai an miƙa ta saman tukunya ba. Amma mai wayarin ne zai lissafa daidai gwargwadon wat ɗin taka da nisan wajen. Kuma in bireka tana yawan faɗuwa kar ka yarda wani ya ce a canza ta da babba ba tare da an canza waya ba, birekar tana faɗuwa ne dan ta kare wayar da ke cikin bango, in ka sa wadda bata faɗuwa to wayar ce zata gasu inda idonka baya gani. Ƙananan hotfilet mai kai ɗaya ko biyu waɗanda suka zo da filoginsu daga kamfani su ba laifi a sa su a soket, amma na bango kai tsaye, kuma ka dinga taɓa filogin lokaci lokaci, in ya yi zafin da baka iya riƙewa akwai matsala.

TAMBAYA: Anti da gas na saba, yanzu da na koma ta lantarki kullum sai na ƙona girki, in na rage wuta bata raguwa, in na ƙara kuma kamar bata ji ba. Sannan tana wani ƙas ƙas tana ɗaukewa da kanta tana dawowa. Kuma mita na gudu sosai.

AMSA: Ƙanwata ba ke kaɗai bace, kusan duk wadda ta baro gas sai ta sha wannan. Gas harshen wuta kike gani, kina murɗawa yana bin umarninki nan take. Ita kuwa ta lantarki, musamman mai baƙin faifan ƙarfe ɗin nan, ƙarfe ne mai nauyi sai ya ɗau lokaci kafin ya ɗau zafi kuma in ya ɗauka baya saki da wuri, ko kin kashe zai yi mintuna yana dafa abin da ke kansa. Dan haka dole ki dinga riga ta, wato kar ki jira sai tukunya ta tafaso tana neman zubowa sannan ki rage, da kinji ta fara 'yar ƙara tana shirin tafasa ki sauko da lambar zuwa tsakiya ko ƙasa. Ni dabarar da ta fi min aiki ita ce kai biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, in abu ya tafasa sai in ɗauke tukunyar in mayar kan mai sanyin, ki gwada ki gani. Kuma in saura minti 5 zuwa 10 ki sauke, ki kashe kawai, zafin da ya rage zai ƙarasa miki kyauta.

Ƙas ƙas ɗin nan kuma lafiya ce, kar ki kira mai gyara. Yawancinsu ba rage ƙarfin wutar suke ba, kunnawa da kashewa suke yi, in kin sa a ƙaramar lamba sai ta kunna na ɗan lokaci ta huta da yawa, in babba ce ta daɗe a kunne. A mai gilas ma zaki ga jan yana zuwa yana tafiya. Abin da ba lafiya ba shi ne ki sa a lamba 1 ta yi ja zur ta ƙi ɗaukewa, to nan makunnin ya manne sai an canza shi.

Batun mita, kai mai wat 2000 in ya yi rabin awa yana ci ba hutu yunit 1 kenan, kinga ba wasa bane. Amma inda wutar tafi zurarewa a banza wajen tukunya ne. Ki kifa tukunyarki ki ɗora rula a gindinta, in kika ga haske na wucewa ta ƙarƙashi ko tukunyar na rawa in kin ajiye ta a tebur to bata dace da wannan kukar ba, dan harshen gas yana lanƙwasa ya bi gindin tukunya ko yaya yake, shi kuwa faifai sai inda ya taɓa kawai yake dafawa, sauran zafin ya tsaya a jikinsa yana cin kansa har ya bankare. Faɗin gindin ya zo daidai da faɗin kan, kar ki ɗora 'yar mitsitsiyar tukunya a babban kai, kuma ki dinga rufewa da murfi. In kuma wutar ce ta zo ba ƙarfi ki sani ba laifin kukar bane, in bolt 230 ya sauko 180 zafin da zata bayar bai fi kashi 60 da ɗan wani abu cikin 100 ba, shi yasa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba.

TAMBAYA: Anti kawunan kukata duk sun yi tsatsa, alhali kullum sai na wanke ta tas da ruwa da omo.

AMSA: Wankin ne ya jawo, Hajiyata. Faifan nan baƙin ƙarfe ne, ruwa da gishiri su ne abokan gabansa, kuma ɗora jiƙaƙƙiyar tukunya ko murfi mai gumi a kai ma yana sa wa. Ki bari ta huce, ki kashe daga bango, ki goge tsatsar da soson ƙarfe mai laushi kina bin zanen da'irar da ke jikinsa, ki share da tsumma mai ɗan danshi, sai ki kunna minti ɗaya ko biyu ya bushe ƙarau. Yana da ɗan ɗumi ki ɗiga mai kaɗan a tsumma ki shafa masa sama sama, ba wai ya yi naso ba. Daga yau kuma tsumma matsattse, ba a kwara wa kuka ruwa, dan ruwan da ya gangara ciki shi ne mafarin matsalar 'yar uwarmu ta farko. Masu irin ta naɗaɗɗen ƙarfe kamar maganin sauro kuma, kwanon da ke ƙarƙashi shi ake cirewa a wanke, shi naɗin ba a tsoma shi a ruwa.

TAMBAYA: Tawa mai gilas ce Anti, ruwan sukari ya zubo min a kai na bari sai da ta huce na goge, yanzu wajen ya yi 'yan ramuka. Kuma akwai siririn tsagu a gefe ɗaya, zan iya ci gaba da amfani da sauran kawunan?

AMSA: Ramukan kam sai haƙuri, basa gyaruwa, amma su basa hana aiki. Gilas ɗin nan yana jure zafi sosai, abu uku ne dai baya shiri da su in sun narke a kansa: sukari, roba ko leda, da takardar foyil. Su waɗannan ba a jira su huce, in suka sandare suna kama gilas ɗin ne su ɓantaro shi. Da ya zuba ki kashe, ki sa safar hannu ta kicin, ki ɗauki abin kankara mai reza da ake sayarwa dominsa ki kwantar da shi ki ture abin zuwa inda ba zafi. Sauran datti na yau da kullum kuwa shi a bari ya huce, sai tsumma mai laushi da ɗan sabulun ruwa ko man goge gilas ɗin, banda soson ƙarfe, banda jan tukunya a kai, ɗagawa ake yi, dan ƙwayar gishiri ko yashi ɗaya a gindin tukunya ta isa ta zana miki layi.

Tsagun ne ban yarda da shi ba. A ƙarƙashin gilas ɗin nan wayoyi ne tsirara, shi kaɗai ne tsakaninki da su, in tukunya ta tafaso ruwa ya bi tsagun ya shiga fa? Kuma zafi da nauyi suna ƙara buɗa shi. Ki kashe ta daga bango ki daina amfani da ita duka har a canza gilas ɗin.

TAMBAYA: An bani kyautar wata mai gilas, na kunna tana ta ƙara tit tit bata zafi, ko ta lalace ne?

AMSA: Ina kyautata zaton indokshan ce, ita bata yin zafi da kanta, da ƙarfin maganaɗisu take sa gindin tukunyar ya yi zafi. Ki samo mayen ƙarfe ki manna a gindin tukunyarki, in ya kama gam zata yi aiki, in ya faɗo to ba zata yi ba, shi yasa tukwanen alminiyam zalla basa yi. Kar ki ajiye cokali ko wuƙa a kanta tana kunne dan suma zafi suke ɗauka, kuma in a gidan akwai wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya tambayi likitansa tukuna.

TAMBAYA: Anti sabon obin ɗina wari yake da hayaƙi, kuma abin da na gasa gefe ɗaya ya ƙone ɗaya bai yi ba. Na shimfiɗa foyil a ƙasansa dan kar ya yi datti.

AMSA: Fara cire foyil ɗin nan tukuna. A yawancin obin akwai abin zafi a ƙarƙashin wannan ƙasan, foyil na tare zafin ya taru waje ɗaya, ya ɓata gashi, wani lokacin ya narke ya manne da fentin har abada. In kina gudun ɗiga ki sa tire a layin ƙasa. Warin sabunta kuma man da aka shafa a masana'anta ne ke ƙonewa, ki fitar da duk leda da kwali da ke ciki, ki buɗe taga, ki kunna shi ba komai a ciki a zafi mai yawa kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, zai daina.

Rashin gasuwa daidai, ki dinga bari ya yi zafi minti 10 zuwa 15 kafin ki sa abu, ki sa a layin tsakiya, ki rage buɗe ƙofa kina leƙe dan duk buɗewa zafi ne ke fita. In bai daina ba ki duba robar bakin ƙofa, ki maƙala takarda ki rufe lokacin yana sanyi, in ta zare ba wani riƙo to robar ta saki. Sannan ki tabbatar kukar a daidai take zaune, ƙafafunta ana murɗa su. Wankinsa kuma bekin soda da ɗan ruwa ki kwaɓa ki shafa ya kwana, da safe ki goge, ki kauce wa ƙarfen da ke yin zafi. Kar a bar yara su hau ko su zauna a kan ƙofar in tana buɗe, kukar gaba ɗaya tana iya rinjayowa kansu da abin da ke samanta, akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaure ta da bango saboda haka, in ya zo a kwalin a ɗaura shi kar a jefar.

TAMBAYA: Anti in an ɗauke wuta ina tsakiyar girki me ya kamata in fara yi?

AMSA: Ki murɗa kowane makunni ya koma sifili kafin ki ɗaga ƙafa daga wajen, kafin neman fitila, kafin komai. Wannan tambayar ta taɓa ni dan ya faru a gidana. Ina suya aka ɗauke wuta, na sauke abin da ke ciki na bar kaskon da mansa a kai, na fita ɗaki da niyyar in dawo, ban kashe ba dan a idona ai wutar ta mutu, babu haske babu ƙara. Can bayan kusan awa biyu aka dawo da ita ina ɗaki ban ma tuna ba, ƙauri ne ya taso ni, ina zuwa na tarar kicin ya turnuƙe, man yana wani hayaƙi fari mai kauri, ina kashe makunnin bango ya kama ɓal. Allah ya taimake ni murfin babbar tukunya na kusa, na zura shi ta gefe na rufe kaskon, na ja baya jikina na rawa. Ban taɓa shi ba sai da ya fi rabin awa, dan faifan yana nan da zafinsa ko an kashe, in ka buɗe da wuri iska ta shiga sai ya sake tashi.

Da a ce ruwa na watsa a ranar da ba wannan maganar ake ba, ruwa in ya faɗa cikin mai mai ci nutsewa yake ya zama tururi nan take ya watso man da wutar sama har rufi. Kuma ba a ɗaukar kaskon a ce za a fita da shi waje. A kashe wuta, a rufe da murfin ƙarfe ko bargon kashe gobara, in ta fi ƙarfin haka a fitar da kowa a ja ƙofa a kira 'yan kwana-kwana. In a cikin obin ta kama kar a buɗe ƙofar, a kashe a bar shi a rufe.

Tun daga ranar bana ajiye komai a kan kukata ko tana kashe, ba tsumma ba roba ba kwali, kuma in na gama girki daga bango nake kashewa dan yaro na iya murɗa makunni yana wasa ba wanda ya sani. Sauran tambayoyin akan injin wanki da firji in sha Allah sai fitowa ta gaba, wadda kukarta ke ja kuma dan Allah ki sake rubuto min in ji abin da mai gyaran ya gano.